Ban Yi Hauka Ba, Balle In Warke

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san abin da ke cikin ƙirji, shi ne kuma zai kama ni in na ƙara gishiri. Wannan babin ba don baƙi na rubuta shi ba. Don ku ne, 'ya'yana bakwai, da jikokin da suka fara wayo har suna maimaita abin da suka ji a bakin manya. Ranar sunan ɗan Bashir ina kishingiɗe a zaure, ana zaton barci nake, na ji wata jikata tana gaya wa ƙawarta wai Kaka ne ya kashe auren Gwaggo Luba saboda kaset. Yarinyar ba ta da laifi. Wani ne ya gaya mata, kuma na san ba a kasuwa ta tsinto ba. To, ku ji yadda aka yi daga bakin mai abin. In kun gama, mai zargi ya zarge ni, amma a kan abin da na yi, ba abin da aka ce na yi ba.

Kun san rumfata ta kasuwar Yelwa, wadda ke fuskantar layin masu kifin banda. A nan na tsufa ina gyaran rediyo da rikoda, da ƙarfen liƙi a kan gawayi, da dalma, da sukudireba uku. Ubana masunci ne, a gungu, wato tsibiri, aka haife ni tun kafin ruwan dam ya tashe mu, kuma har ya koma ga Allah bai daina cewa na bar sana'ar maza na koma tonon cikin akwati ba. Amma ni na san abin da aka ba ni. Hannu kowa yana da shi, ni kunne aka ba ni. Rikoda tana fara juyawa zan gaya maka bel ne ya saki ko batir ne ya yi sanyi, tun ban kwance ko ƙusa ɗaya ba. Wannan kunnen ne ya ciyar da ku, shi ne kuma ya jawo mini abin da zan faɗa.

Tun Luba tana goye aka yi wani Bature da ke yawo a bakin tafki yana auna kifi. Aikinsa ke nan: ya tare masunta da safe, ya shimfiɗa giwan ruwa ko karfasa a kan katako, ya auna, ya rubuta, ya mayar wa mai shi. Mutane suka sa masa Mai Awo. Wata rana ya kawo mini rikodarsa da kaset ɗaya a ciki, ya ce da guntuwar Hausarsa wai tana ciwo, zai je Shanga ya dawo bayan kwana huɗu. Ciwon ba wani abu ba ne, bel ne. Na sauya, na goge kanta da sifirit, na danna. Abin da ya fito, wallahi sai da na ja kujera baya. Wani kuka ne siriri, kamar an tara masu goge ɗari an ce kowa ya ja nasa kada ya saurari na kusa da shi. Yana hawa, yana hawa, sai wani ƙarfe ya faɗi, sai shiru. Shirun ya daɗe har na leƙa in ga ko zare ya tsinke. Na cire shi na saka kaset ɗin wani mai kalangu, rikoda ta yi ras. Na ce to, ashe kaset ɗin Bature ne rana ta dafa. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na buɗe shi, na bi zaren da biro, duk inda na ji babu komai na sa reza na cire, na haɗa bakin da jan farce, kamar yadda muke yi wa kowane kaset da ya lalace. Wuri biyar na cire. Har ina ji da kaina, na yi wa baƙo alherin da bai roƙa ba.

Da ya dawo ya saurara, sai na ga kunnuwansa sun yi ja. Ya tambayi ina sauran, na miƙa masa gwangwanin tumatir da na zuba guntayen a ciki. Ya juye su a tafin hannu, ya dube su, sannan ya kama dariya har yana share ido.

"Malam Garba, ka yanke kiɗa."

"Babu kiɗa a nan, Mai Awo. Inda ya goge ne na cire."

"Bai goge ba. Mutanen suna nan zaune, kayan kiɗa a hannunsu, suna jira. Jiran ma an rubuta shi."

Washegari ya dawo da wani kaset irinsa, ya zauna a bencina, ya sa na ji daga farko har ƙarshe. Ya ce masu kaɗa shi sun fi sahu uku na masallaci, kowa da takarda a gabansa, mutum ɗaya yana tsaye da ɗan tsinke yana ba kowa lokacin shiga. Abin da na ɗauka hargitsi ne, ashe babu ƙara ɗaya da ta faɗo da kanta. Ya ce bayan babban yaƙinsu, wanda aka ƙone garinsu a ciki yana ƙarami, waɗansu makaɗa suka ce ba za su iya komawa kiɗa mai zaƙi ba, don da mai zaƙin aka yi ta raka mutane zuwa mutuwa. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma ban nemi ƙari ba, don na ga abin ba na hira ba ne. Da aikinsa ya ƙare zai koma gida, ya bar mini kaset huɗu, har da wanda na yi wa kaciya.

Da farko kayan aiki na mayar da su, kuma har gobe ina cewa babu mai gyaran da ya taɓa riƙe ma'auni irinsu. Ku lura. Kiɗan kalangu yana rufa wa rikoda asiri, don yana gudu, kunne yana bin rawa, ba ya lura da gurgunta. Amma waɗannan, akwai inda ake jan murya ɗaya a riƙe ta kamar ba za a saki ba. In bel ya yi ko ɗan sanyi, sai ka ji tana rawar ɗari. Akwai inda ganga mai zurfi ke bugawa sau ɗaya. In sifika ta tsage ko da faɗin farce ne, sai ta yi tari. Shirun nan kuwa da na raina, a cikinsa ake jin gurnanin da bai kamata a ji ba, wanda ke nuna waya ta saki a ciki. Rediyon da ta wuce wannan jarrabawa ba ta dawowa rumfata sai dai in mai ita ya jefa ta a ruwa.

Daga baya ne abin ya wuce aiki, kuma ba zan ɓoye ba. Duk kiɗan da na tashi na sani, da sunan wani a cikinsa. Ko ana yabon mai sarauta, ko mai dukiya, ko ana zuga manomi, ko ana zambo ga wanda ya hana. Ko na masunta da ubana ke so, sai an kira wane ɗan wane da ya kashe dorina. Wannan kuwa ba ya kiran kowa. Ba ya roƙo, ba ya lallashi, bai damu ko ka so shi ba. Yana faɗin abin da zai faɗa ya yi gaba. Ni da nake wuni ina cewa ranka ya daɗe ga mutumin da bai san gaban batir da bayansa ba, sai na ji na samu abin da ya tsaya a kan ƙafarsa. Wani malamin makaranta ya taɓa zama ya ji, ya kaɗa kai, ya ce ya gane, wai kukan gungunmu da ruwa ya ci nake ji a ciki. Na ce masa Malam, gungunmu sauro ne da zazzaɓi, kada ka ɗora mini waƙar da ban yi ba. Ina son abin ne kawai. Kullum bayan la'asar, in kasuwa ta lafa, nakan saka ɗaya in rufe ido.

Kasuwa kuwa ta samu abin dariya. Akwai wata Tamakka mai banda, rumfarta daura da tawa, da zarar na danna sai ta ɗaga murya ta tambaya ko an fara yankan awakin ne, a ajiye mata ƙafa. Ni kuma in ce mata warin kifinta ne ya sa su kuka. A gida Innarku, Allah ya jiƙanta, ta kafa doka cewa ba a saka shi tana dama kunu, wai tsinkar mata da shi yake. Shekara ashirin ana wannan wasa. Ni dai wasa na ɗauke shi.

A shekarar da nake son ba ku labari, Luba ta gama karatun ungozoma ta fara aiki a ƙaramin asibiti. Akwai kuma wani saurayi, Nuhu, yana da jirgin inji, yana ɗaukar albasa da fasinja tsakanin Yelwa da Warra. Wata mai naƙuda ya ɗauko daga ƙetare da rana tsaka ya kai asibitin, a nan suka ga juna. Ku ƙananan ba ku san Lubar wancan lokaci ba. Dariyarta daga ƙofar gida ake jin ta. Yaron kuma na so shi, ba shi da rawar kai, in ya durƙusa gaisuwa sai ka ce masa ya isa. Maraya ne, baffansa ya rene shi, Alhaji Ɗanjumma, babban dillalin kifi a Warra, kuma a hannunsa maganar auren take. Aka kawo gaisuwa, muka karɓa. Ya rage bincike, wanda kowane gidan mutunci ke yi: a tambayi asali, a ji ko akwai kuturta, ko sata, ko taɓin hankali a dangi. Ban damu ba ko kaɗan, don na san gidanmu.

Dattawa biyu suka zo rumfata da wata tsohuwar rediyo, wai gyara. Ban san 'yan bincike ba ne. Ranar kuwa ina fama da na'urar lasifikar wani masallaci da ke gurnani, na saka kaset ɗin, an zo daidai wurin shirun. Ɗayansu ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu. Ku hango abin da suka gani: mutum ya rufe ido, ya manna kunne a jikin akwatin da ba ya cewa komai, ya hana dattijo magana, sannan ƙarafa suka rushe da kuka, shi kuma ya yi murmushi ya ce yawwa. Murmushin na gano wayar da ta saki ne. Da suka fita suka tsaya wurin Tamakka suka tambaye ta ko lafiya maƙwabcinta yake. Ita kuma, da bakin nan nata, ta ce ai haka yake shekara da shekaru, in abin ya motsa ko kiransa ka yi ba ya ji. Wasanmu ne na kullum ta yi. Daga baya ta zo har gida tana kuka tana neman gafara, na ce ta tashi, ba ita ta yi ba.

Bayan mako ɗaya saƙo ya zo ta hannun yayana, Baffanku Mamman. Alhaji ya ce ba ya son ya ɓata zumunci. A kai ni wurin wani malami a yi mini ruƙiyya kwana uku, in sha rubutu, a ƙone kasa-kasan a gaban shaidu, sai a sa rana. Yaya Mamman ya ce abin ma ya zo da sauƙi, ayar Allah ce za a karanta, ba ta cutar da mai lafiya. Innarku ta ce in dubi girman Allah in dubi yarinyar nan, robobi huɗu ne fa. Ƙannen Luba suka daina haɗa ido da ni. Nan ne labarin da kuke bayarwa ya tsaya: wai an ce in ƙone kaset na ƙi. To, ku ji dalili.

A unguwarmu an yi wani tela, ba zan kira sunansa ba don jikokinsa suna nan. Zazzaɓi ya taɓa hau masa kai, ya yi sambatu kwana biyu, aka kai shi wurin malam, ya warke, ya yi shekara talatin yana ɗinki lafiya lau. Har yau in za a nemi aure a gidansa sai wani ya rage murya ya ce, ai kakansu an taɓa kai shi. Ba a cewa ya warke, an taɓa kai shi ake cewa. In har na kwanta a gaban malam da shaidu, na sa hannu ke nan cewa ciwon ya taɓa zama. Luba za ta shiga gidan miji a matsayin ɗiyar wanda aka taɓa kaiwa, duk ranar da ta ɗaga murya a ce na gida ne ya motsa. Ku shida da ke bayanta da gabanta, da 'ya'yanku, kowa ya gaji tambarin. Na tara su a tsakar gida na faɗa musu haka.

"Ayar Allah ina sha kullum, ba sai an tara mini shaidu ba. Amma ban yi hauka ba, balle in warke."

Yaya Mamman ya ce taurin kai ne irin na ubanmu, ya buga sandarsa ya fita. Abin da ba ku sani ba, Luba ce ta fara goyon bayana. Ta ce Baba ya yi gaskiya, ita ma'aikaciyar asibiti ce, ta san abin da rubutu a kati ke yi wa mutum. Ita ce ta ce in ɗauki rikodar in je Warra da kaina, in nuna wa Alhaji amfanin abin da idonsa. Ta wanke mini babbar riga, ta goge da hannunta.

Nuhu ne ya ɗauke ni a jirginsa ranar wata Laraba da hantsi. Da muka yi nisa, fasinja sun shiga hirarsu, ya rage wutar inji ya matso kusa da ni, kansa a ƙasa. Ya ce Baffa ba mugu ba ne, tsoro ne yake ji, don matar ƙanensa ta yi irin wannan ciwon, ya ga abin da ya yi wa gida. Ya ce ya shawo kansa, Alhaji ya janye maganar malam da ta ƙonawa, hanyar fita kawai yake nema da zai gaya wa dangi.

"Baba, don Allah, duk abin da ya tambaya, ka ce kayan aiki ne. Iyakarta ke nan. Luba ma ta ce in roƙe ka."

Na ce masa ai kayan aikin ne, ya kwantar da hankalinsa.

Alhaji ya karɓe ni da mutunci a zaurensa, da mutane kamar goma, har da dattawan nan biyu. Na ce a kawo mini rediyon da ya fi yarda da ita. Aka fito da wata babba mai sifika biyu da ya sayo a Makka, ya ce ko tari ba ta taɓa yi ba. Na saka kaset ɗina. Da kukan ya tashi na ga waɗansu suna motsa baki suna neman tsari, ban kula su ba. Da aka zo inda ake riƙe murya, na ce su saurara, tana rawa. Bel ya kusa mutuwa. Da gangar ta buga, na ce sifikar hagu ta tsage ta ƙasa. Sannan na kwance ta a gabansu. Bel ya fito ya yi laushi kamar tsohuwar tazuge, tsagar kuwa ga ta, wani ya sa ɗan yatsa ya taɓa. Zaure ya ɗauki salati. Dattijon da na ɗaga wa hannu ya yi dariya ya ce ashe mai gani da kunne ne. Na hango Nuhu a bakin ƙofa, fuskarsa ta washe. Wallahi a wannan lokaci aure ya ɗauru, saura goro.

Alhaji ya gyara zama ya ce:

"Na gani, Malam Garba, ashe ma'auni ne. Mahauci ma shina wuni cikin jini, amma ba ya shan shi. Abu guda nika son ji, mu rufe wagga magana. Tsakaninka da Allah, in babu aiki, babu rediyon kowa a gabanka, kana saka wanga abu don ka ji daɗi?"

Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani, kowa a zauren ya sani. Kalma ɗaya ake nema, a'a. Ni ba waliyyi ba ne, na sha ce wa mai rediyo ya dawo gobe alhali ko buɗe ta ban yi ba. Amma ya sa Allah a tsakani, kuma Allah yana ganina kullum bayan la'asar. Wannan shi ne rabin gaskiya. Ga sauran rabin, wanda ban taɓa gaya wa ko Innarku ba: zuciya ce ta taso mini. Ina da shekara hamsin, ban ci na kowa ba, ban taɓa shan abin maye ba, sahun gaba nake salla, amma an zaunar da ni a gaban mutum goma in rantse cewa kunnena bai son abin da yake so, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. A gefen Alhaji kuwa ga tarin kasa-kasai na maroƙan da suka yi masa waƙa.

"Ina sakawa, Alhaji. Kullum. Kuma ina jin daɗinsa fiye da yadda kake jin daɗin mai kalangu in ya kira sunanka."

E ɗin, ita aka tambaye ni. Wutsiyar nan ta mai kalangu, ni na ƙara ta, babu wanda ya nema. Da na tsaya a e, wataƙila da dattawa sun sami abin da za su lallaɓa. Amma na taɓa mutum a zaurensa, a gaban mutanensa, magana kuwa zarar bunu ce. Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mini tuwon shinkafa da kifi, ya tsaya har na wanke hannu, ya rako ni ƙofa ya ce in gai da gida. Nuhu ban sake ganinsa ba ranar. Jirgin haya na shiga.

Luba tana tsaye a kwata, inda jirage ke sauke mutane, da kayan aikinta a jiki, ko gida ba ta je ba. Da ta ga jirgin da na fito daga ciki ba na Nuhu ba ne, ta riga ta sani. Duk da haka na tsaya a nan cikin laka na gaya mata komai, har da wutsiyar, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta cire gyalenta ta naɗe shi gammo, ta miƙo hannu ga rikodar.

"Baba, kai ka faɗi gaskiyarka. Kawo, ni ce mai ɗaukar kayanta."

Ta ɗora a ka. Maimakon ta bi ta bayan gari, sai ta ratsa tsakiyar kasuwa, ta layin masu banda, kanta a miƙe, ina biye da ita kamar ni ne ɗan. Babu wanda ya yi wasan awaki ranar. Bayan kwana uku aka aiko cewa Allah bai yi ba. Nuhu bai iya tsallake maganar wanda ya rene shi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kafin shekara ta zagayo aka ba shi wata a Ngaski. Luba ta yi shekara uku ba ta saurari kowa ba, sannan ta auri mijinta na yanzu a Shanga, mutumin kirki, ba ni da abin faɗa a kansa. Amma dariyar nan ta ƙofar gida ban sake jin ta ba, kuma ina kewarta fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Yanzu ku ƙirga da kanku. Aure shida aka yi a gidan nan bayan wannan, kowanne sai da aka yi bincike. An ce ubanku mai taurin kai ne, an ce bakinsa ba shi da linzami, an ce yana jin kiɗan da ko jaki ba zai tsaya masa ba. Duk na karɓa. Amma babu wanda ya taɓa rage murya ya ce an taɓa kai shi. Wannan na tsare muku, kuna ci ba ku san wanda ya dafa ba. Kasa-kasan sun tsufa, Bashir ya juye mini su a memori, yana yi yana toshe kunne, kuma har yau bayan la'asar ina sakawa, wanda bai so ya koma bayan gida. Da za a mayar da ni zauren nan na Warra, wutsiyar zan haɗiye, don ita ce laifina, kuma a kanta na roƙi Luba gafara ta ce ta yafe. Amma e ɗin, sai na sake faɗin ta. Kada wani a cikinku ya zo kan kabarina ya ce na yi nadamar ta.

Luba takan zo daga Shanga duk ƙarshen wata, da fura ko ɗan kifi a hannu. Sau da yawa takan tarar ina ji. Takan durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, ta duba ko ina shan magani, ta ajiye abin da ta kawo. Shekara ashirin da wani abu ke nan, ba ta taɓa ce mini in kashe ba, ko in rage. Ba ta kuma taɓa zama ba.